Barewar da Ta Riga Mu Shiga Harami

Duk tsawon ran da Allah zai ba ni, ba na jin zan manta da magaribar da surukina ya tasa ni gaba muna bin jinin barewa a bayan garin Makka, ni da waya a hannu ina haska masa ƙasa. Shekaru sun shuɗe, tsohon ma ya riga mu gidan gaskiya, amma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci sabo fil, daga baya kuma in kama dariya ni kaɗai.

Bari in fara da kaina, don a gane dalilin ɓacin ran. A Makka aka haife ni, a unguwar Mansur. Kakannina ne suka taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, suka yada zango a Sudan shekara da shekaru, har iyayena suka ƙaraso nan. Amma haihuwa a nan ba ta mai da mutum ɗan ƙasa. Da iƙama nake zaune, wato katin izinin zama, kuma katin yana rataye da sunan kafilina, wato mai tsaya mini a gaban hukuma, mutumin da nake tuƙa wa motar rarraba ruwan gora a shaguna. Laifi ɗaya mai nauyi ya isa a ce tarhil, a ɗora ni a jirgi a sauke ni a ƙasar da sau ɗaya tak na taɓa taka ta, in bar mata da 'ya'ya uku a nan. Saboda haka tun ina yaro na koyi bin gefen hanya. Ba na shiga abin da ba ruwana, in na hango taro sai in canza layi. Duk abin da hukuma ta hana na san shi a ka, har abokai suna tsokanata wai da lauya na zama.

Shi kuwa surukina maharbi ne daga wani ƙauye a ƙasar Adar, cikin Nijar. Matata 'yarsa ce, gwaggonta ce ta riƙe ta a nan tun tana ƙarama. A wannan shekarar Allah ya kira shi Umara, ya sauka a gidanmu zai yi wata guda. Dogo ne, siriri, ba ya magana sai ta kama, kuma duk inda za shi, ban da masallaci, da wata tsohuwar wuƙa a ɗamararsa cikin kube na fata, wadda ya ce ta mahaifinsa ce. Ibada kam ya yi ta, amma zaman bene ya ishe shi. Ya ce sanyin na'ura yana shigar masa ƙashi, bango kuma ya yi yawa a garin nan. Abu ɗaya da ya ba ni mamaki shi ne yadda yake da tantabarun Harami. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana harbin dabba, in ya iske su a hanya sai ya kewaye su can nesa don kada su tashi. Rannan ƙaramin ɗana ya kora su da gudu, sai da ya sha faɗa har gida. Tsohon ya ce ba wanda ya fi maharbi sanin cewa duk naman dajin da ke cikin iyakar Harami amintacce ne, ba a kashe shi, ba a ko firgita shi.

Matata ce ta kawo shawarar in fita da shi daji ya sha iska. Na ce to, don ban hango komai a ciki ba. Ranar wata Juma'a bayan la'asar na ɗauki motar aiki, ta zuba mana shinkafa da kaza da butar shayi, muka yi kudu da gari. Muka wuce alamun iyakar Harami da ke bakin titi, na sauka kwalta na bi wata hanyar ƙasa, na tsaya a gindin wani dutse muka shimfiɗa darduma.

Wallahi kamar an canza mutum. Tsohon nan da yake kwance kullum yana nishi ya miƙe yana zagaye, yana kiran ni in zo in ga sawu. Wannan na yanyawa ne, ta wuce da asuba. Wannan raƙuma ce, kuma tana ɗingishi. Ni dai ƙasa kawai nake gani, ina cewa haka ne Baba, ƙwarai kuwa Baba. Na ji daɗi da na ga ya sake, har na fara yaba wa kaina.

Rana ta kusa faɗuwa sai muka ji ƙarar bindiga sau biyu daga bayan dutsen. Can kuma wata babbar mota ta fito a guje ta yi gabas, ƙura ta rufe ta. Na fara naɗe darduma ina cewa mu tafi, sallar ma mu yi ta a hanya. Shi ko gezau. Ya karkata kai ya ce harbi na farko ya tafi a banza, na biyu kuwa ya sami nama, don ƙararsu ba iri ɗaya ba ce. Ya karɓe dardumar daga hannuna ya sake shimfiɗa ta, muka yi magariba, ni dai Allah ya karɓa don hankalina ba ya wurin. Muna sallamewa ya ɗauki sandarsa ya nufi bayan dutsen.

Wanda bai yi zaman surukuta irin tamu ba ba zai gane halin da na shiga ba. Da mahaifina ne da na riƙe masa riga. Amma suruki? Mutumin da ko abinci ba na iya ci a gabansa sai ya matsa mini? Haka na bi shi ina ta “Baba, Baba” a bayansa.

Bai sha wuya ba ya gano wurin. Ga sawun taya, ga ƙasa a tone, ga ɗigon jini a kan wani faffaɗan dutse da ɗan gashi ja-ja. Ya durƙusa ya shafa jinin da yatsa, ya murza, ya shinshina. Ya ce barewa ce, mace, an same ta a cinyar baya, kuma ba za ta mutu da wuri ba. Sannan ya tofa yawu gefe ya ce wanda ya yi wannan harbin ba maharbi ba ne.

“Sunka harbe ta, sunka tahi abinsu,” in ji shi. “Mu wurinmu, dabbar da anka zubar wa jini ba a barinta ta kwan da ciwo. Sai an bi ta an yanka. In mai harbin ya gudu, wanda ya ga jinin shi ya gaji aikin.”

Nan na tattaro duk ladabin da nake da shi na yi masa bayani. Na ce Baba, nan ba gida ba ne. Barewa a ƙasar nan hukuma ce ke tsaronta, an hana taɓa ta. Farautar dare da fitila kuwa laifi ne daban mai zaman kansa. In masu sintirin daji suka same mu cikin duhu da haske da wuƙa da jini a hannu, ba wanda zai tsaya jin labarin wata mota da ta yi gabas. Tarar da za a ɗora mini ko na sayar da duk abin da na mallaka ba zan iya biya ba, motar ba tawa ba ce, ƙarshenta kuma tarhil. Ya saurare ni har na gama, ya gyaɗa kai kamar ya gamsu. Sai ya nemi wuri ya zauna a kan dutse.

Na ce to mu tafi ke nan? Ya ce a'a, jira za mu yi. Wai dabbar da ke da rauni in aka bi ta da zafi-zafi sai tsoro ya ba ta ƙarfi ta yi nisa, amma in aka ƙyale ta kaɗan za ta nemi wuri ta kwanta, ƙafar ta sandare. Jama'a, ga ɗan sauran haske a sama wanda da mun yi amfani da shi, amma tsohon nan ya zauna yana jan carbi yana jiran duhu ya gama sauka, wato daidai lokacin da laifin zai cika laifi. Na ce masa ni fa ba zan iya ba. Ya ce ba komai ɗana, ka koma gida, in na gama ina tahowa da ƙafa. Ko hanyar Mansur bai sani ba.

Na koma gefe na kira matata don ta yi masa magana, tunda ita 'yarsa ce. Na zayyana mata komai cikin raɗa. Ta ce tun tana jin labarinsa ba a taɓa raba shi da sawun jini ba, ko mahaifiyarta ta gaji ta bari. Ta ƙara da cewa, “Halas, magana ta ƙare, ka yi yadda za ka yi, amma kada ka dawo mini gida ba ubana.” Ta kashe wayar. Wannan shi ne taimakon da na samu daga gare ta.

Da duhu ya rufa ya miƙe ya ce in kunna fitilar wayar. Ya tambaye ni ko ina da wani abu fari. Na laluba aljihu na fito da ƙunshin takardar goge hannu. Ya karɓa ya yayyaga, duk inda muka ga jini sai ya soke ɗan yanki a ƙaya, wai don in sawu ya ɓace mu san inda za mu dawo. Aikina biyu ne, haskawa da tsayawa. In jini ya yanke sai ya dasa ni a kan ɗigon ƙarshe ya ce kada in motsa, ya karɓi wayar ya yi ta kewaya ni a sunkuye har ya gano na gaba. Ni kuwa ina tsaye cikin duhu ina lissafa ta inda fitilar 'yan sintiri za ta ɓullo. Kuma ban tsira daga faɗa ba. Na haska sama da yawa, na taka sawu, numfashina ya cika ƙara. Ƙaya ta huda mini takalmi ta shige tafin ƙafa, na ce wash, ya juyo ya ce in yi shiru kada in tashe ta. A zuciyata na faɗi maganganun da in da sun fito fili da auren nan bai kai yau ba.

Mun fi awa guda a haka, muna hawa muna gangara, har aka yi kiran isha'i muna jiyo shi sama-sama daga wajen gari. Ban lura ba ashe duk tafiyar nan arewa muke yi, barewar gari ta nufa. Muna haye wani ɗan tudu sai tsohon ya dafe mini ƙirji. Can gabanmu, tazarar da ba ta fi taku goma sha biyar ba, idanu biyu suna ƙyalli a gindin wata ƙaya. Tana kwance, ƙafar baya a miƙe, cikinta yana sama yana ƙasa. Ta yi yunƙurin tashi ta kasa. Ban taɓa ganin barewa ido da ido ba sai ranar, kuma na yi mamakin ƙanƙantarta, ba ta kai akuyar kirki ba.

Ya zare wuƙar a hankali, na ji yana bisimilla ƙasa-ƙasa. Ni a lokacin na riga na sallama, burina kawai ya yanka mu bar wurin. Ya ɗaga ƙafa ke nan hannuna ya karkata, hasken ya faɗa kan wani ginshiƙi da aka gina tsakaninmu da ita, da rubutu a jikinsa. Ya tsaya ya tambaye ni mene ne wancan.

Na karanta tun kafin ya tambaya. Alamar iyakar Harami ce, irin waɗanda aka kakkafa a duwatsu da kwaruruka kewaye da gari. Mu muna waje, ita tana ciki. Ba zan ɓoye ba, sai da zuciyata ta ce in gaya masa alamar masu awon ƙasa ce, tunda ba ya karanta irin wannan rubutun, minti biyu an gama. Amma bakina ya ƙi. Na ce, “Baba, haddin Harami ne. Ta shiga.”

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya goge wuƙar a hannun riga duk da ba ta taɓa komai ba, ya mai da ita kube. Ya ce in kawar da hasken daga idonta.

“Ta riga mu,” ya ce. “Ta kai gidan Mai ita. Ba ni da iko da ita yanzu.”

Na ji wani sanyi ya ratsa ni, na ce alhamdu lillahi, to mu kama hanya. Ashe ban gama sanin surukina ba. Ya ce ina? Ban ji haushin karnuka ba tun ɗazu? Muna juya baya za su cinye ta da ranta. Yanka ya haramta, tafiya kuma ba ta halatta ba. Ya sa na yanke gindin gorar ruwan da ke hannuna, ya zuba ruwa ya lallaɓa ya ajiye mata, ya dawo ya zauna a jikin ginshiƙin ya miƙe ƙafafu.

A nan kunyar surukuta ta ƙare mini. Na ce Baba, don girman Allah me kake so da ni? Na hana ka bi ka ƙi, ka ja ni cikin ƙaya har nan, yanzu ba yanka ba tafiya, kwana za mu yi muna gadinta? Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Bai yi fushi ba. Ya dube ni ya ce, “Kai ka ce tana da masu tsaronta. Tun ɗazu kake ba ni tsoro da su. To kira su mana, su zo su ɗauki abinsu.”

Gaskiya ita ce tun a wurin jinin farko na san akwai lambar da ake kira a ba da rahoton irin wannan, kuma da na kira a lokacin da ba mu taka ƙaya ko ɗaya ba. Ban kira ba, ban ma gaya masa akwai ta ba, saboda a rayuwata ban taɓa kiran hukuma da kaina ba. Ni dai na iya kauce mata. Haka na danna lambar, na yi bayani da Larabcin da ya fi kowane ladabi, na tura musu inda muke.

Suka zo su biyu a mota. Abin da na ji tsoro kuwa shi ya fara faruwa. Suka haske mu, suka ga wuƙa a ɗamara da busasshen jini a yatsun tsohon. Babban cikinsu ya ce in ba shi iƙama. Na miƙa, ya duba, ya sa a aljihun rigarsa ya maɓalle. Idona bai bar aljihun nan ba. Ya tambaye ni ina bindigar, na rantse ba mu da ita, ya ce kowa haka yake cewa.

Tsohon ya tambaye ni me ake ciki, na fassara masa. Sai ya miƙe ya yafito jami'in da hannu. Ƙaramin ya tsaya wurin barewar yana waya, mu uku muka juya baya. Ga fararen takardun nan a jikin ƙaya, ɗaya bayan ɗaya, sun kai mu har inda aka yi harbin. A can ya nuna masa sawun tayar babbar motar, da inda ta tsaya, da cewa ba wanda ya sauko daga cikinta, ta taga aka yi harbin. Ya ɗan kewaya ya tsinto kwanson harsashi biyu da bakin sandarsa, bai taɓa su da hannu ba. Ya nuna sawunmu mu biyu da ya zo daga baya ya hau kan na tayar. Da farko ina fassara, can sai na ga ba a bukatata. Ashe jami'in ɗan makiyaya ne, ya tashi cikin raƙuma. Suka durƙusa su biyu suna nuna ƙasa, wannan da Hausa wancan da Larabci, kowa yana gyaɗa wa ɗan'uwansa kai, ni kuma mai harsuna biyu ina tsaye riƙe da fitila.

Da muka koma an riga an naɗe barewar a bargo an sa ta a bayan motarsu, da ranta. Ko ta rayu ko ba ta rayu ba, ban sani ba har yau. Jami'in ya ɓalle aljihu ya miƙo mini katina, amma sai da ya wanke ni tas. Ya ce doka ba ta san kyakkyawar niyya a cikin duhu ba, wanda ya ga dabba da rauni kira zai yi ya tsaya inda yake, ba ya bi ta da fitila ba, kuma tsoho baƙo yana da uzuri, ni da aka haifa a nan ba ni da shi. Wato duk wahalar nan ni ne ma mai laifin. Sannan ya ce wuƙar ba za ta koma da mu ba. Na fara roƙo ina cewa gadon mahaifinsa ce, tsohon ya hana ni. Ya kwance ta da kubenta ya miƙa da hannu biyu. Jami'in ya karɓa ya sumbaci kan tsohon.

Muka kama hanyar gida har muka hango fitilun Mansur. Na ce masa saura ƙiris ya sa a raba ni da 'ya'yana. Ya ce ya sani, kuma in yafe masa, bai san nauyin abin ya kai haka ba sai da ya ga yadda nake kallon aljihun mutumin nan. Ya ƙara da cewa amma riƙon fitilata sai a hankali. Da ya koma gida kuwa labarin da ya baza shi ne mijin 'yarsa mutumin kirki ne, sai dai yana tsoron duhu. Har yau in baƙi suka zo daga Adar sai sun tambaye ni ko ni ne.

Ban ce tsohon ya yi daidai ba, kuma ko gobe wani ya ce in bi shi sawun barewa da dare ba zan je ba, ko waye shi. Amma abin da na koya a daren nan game da kaina ne. Shi ya karya dokar da bai san nauyinta ba, ya kuma tsaya cak a gaban wadda ya sani, a wurin da ba mai ganinsa sai ni da Allah, da wuƙa a zare bayan wahalar awa guda. Ni da na haddace dokoki, sanin nawa duk na gudu ne, shi ya sa na tuna duk abin da aka hana na manta da abu ɗaya da aka ce a yi. Tsoron da nake taƙama yana tsare ni shi ya kusa kai ni jirgi. Tun daga ranar lambar nan tana cikin wayata, kuma na yi wa kaina alkawari in na sake ganin abin da ya kamata a faɗa, zan faɗa tun da sauran haske.